Dokin Ƙarfe Ya Dawo Kontagora

[Ƙarar ƙararrawar keke, sannan kiɗa a hankali]

Yau muna Kontagora ne, garin Nagwamatse, masarautar Sarkin Sudan, kuma zancen namu na keke ne: masu hawansa don neman abinci, masu hawansa don motsa jini, da mutanen da ke zaune a gindin bishiya suna gyara shi. Ku gyara zama.

Duk wanda ya manyanta a garin nan ya san akwai lokacin da keke ke da daraja. Malamin makaranta, malamin gona, malamin asibiti, da ɗan kasuwar da ya fara samun hannu da shuni, duk a kan Raleigh ake ganinsu. Mutum zai sa masa madubi biyu, ya naɗe firam ɗin da roba mai launi, ya cusa tsumma a ƙarƙashin sirdi, duk inda ya tsaya sai ya ciro ya goge. Yaro bai isa ya taɓa ko ƙararrawar ba. Daga baya Phoenix ta ƙasar Sin ta shigo da sauƙin kuɗi, keke ya shiga kowane ƙauye, tun daga Rijau har Salka. Yara kuwa sai layi a wurin mai keken haya, a biya kwabo a yi zagaye, a faɗi a ƙuje gwiwa, a tashi a sake hawa.

Sai babur ya zo, Jincheng sannan Bajaj, ya ture keke gefe. Aka wayi gari ana kallon mai keke a matsayin wanda ya rasa yadda zai yi. A shekarar 2001 ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa ofis a Abuja. Wata rana motar bas ta banke shi ya faɗa kwalbati. Allah ya tsare bai ji wani mummunan ciwo ba, amma mutane suka mai da abin dariya, maganar ta bi ruwa.

Abin da minista ya kasa, tsadar mai ta yi shi. Ranar 29 ga watan Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye 1,000. Nan fa aka shiga zaure da bayan rumbu ana jawo tsofaffin kekuna, ana kakkaɓe musu yanar gizo-gizo. Ma'aikaci ya lissafa abin da babur ke ci masa a wata, ɗalibi ya lissafa kuɗin acaɓa, manomi ya lissafa na zuwa gona, kowa ya ga keke ya fi rufin asiri.

To amma ga abin da ke damuna, kuma shi ya sa muka shirya wannan shiri. Keke ya dawo, amma tsumman nan na ƙarƙashin sirdi bai dawo ba. Yawancinmu muna hawansa muna jin kunya, muna jiran ranar da mai zai sauko mu jefar da shi. Abin da ake jin kunyarsa kuwa ba a kula da shi. Shi ya sa za ka ji keke tun daga nesa yana kuka, sarƙa ta yi tsatsa, birki babu, mai shi yana tsayawa da tafin silifa.

[Kiɗa]

Mu je wurin mai faci, domin a nan ilimin yake. Ka tsaya ka kalli ƙwararre yana aiki, za ka ga ba ya gaggawa. Zai kifa keken, ya ɓalle taya daga gefe guda, ya zaro tubu, ya ba shi iska kaɗan, ya riƙa nitsa shi cikin kwanon ruwa taki-taki har sai ya ga inda kumfa ke tasowa. Ya soka tsinke a wurin don kada ya ɓace masa. Ya share ruwan, ya kankare wurin har ya yi kaushi, ya shafa sholisho, sannan ya ajiye ya ci gaba da hira. Wannan ajiyewar ita ce sirrin. In aka manna faci sholisho na da danshi, kafin ka kai kasuwa ya ɗaye. Sai ya sha iska ya daina ƙyalli, sannan a ɗora facin a danne shi da kyau.

Akwai kuma abu guda da yake yi wanda ɗan koyo kan manta: zai zura yatsu cikin tayar ya zagaya da su a hankali, yana laluben abin da ya huda ta. A ƙasarmu sau da yawa ƙayar tsidau ce, ko guntun waya. In ba a cire ta ba, sabon facin ma a banza.

Wata hudar kuma ba ƙaya ce ke yin ta ba. In ka ga ƙananan huda biyu a jere, rashin iska ne: tayar ta yi laushi, ka faɗa rami, ƙarfen rim ya datse tubun. A jikin kowace taya an rubuta adadin iskar da take ɗauka. Wanda bai da ma'auni, ya danna da babban yatsa. In ta lotsa cikin sauƙi, a ƙara. Taya mai isasshiyar iska tana rage faci, tana kuma rage gajiya, musamman ga mai ɗora buhun masara ko jarkunan ruwa a kariya.

Sai sarƙa, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan ne muka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Al'adarmu ita ce, da sarƙa ta fara kuka sai a je wurin mai gyaran babur a roƙi baƙin mai a kwarara mata. Kukan zai tsaya, gaskiya ne. Amma baƙin man da aka juye daga inji cike yake da datti da ɓurɓushin ƙarfe, kuma yana da danƙo. Ka hau hanyar burji lokacin hunturu, ƙura ta manne, sai mai da ƙura su haɗu su riƙa cin sarƙar da haƙoran da take bi, kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Abin da ya dace shi ne a wanke ta da ɗan kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bari ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta ɗigo-ɗigo a kowace gaɓa, a juya feda baya, sannan a sa tsumma a goge na waje tas. Man da ya shiga ciki shi ke aiki. Wanda ya zauna a waje ƙura kawai yake kira. Ko man keken ɗinki ya fi baƙin mai, sai dai yana saurin bushewa, dole a riƙa maimaitawa.

Kuma sarƙa tana tsufa, ana iya aunawa. Tsakanin kowace ƙusa da mai bi mata rabin inci ne. Ka ɗora rula a kan sarƙa sabuwa, alamar inci 12 za ta faɗa daidai kan tsakiyar ƙusa. In ƙusar ta fara zarce alamar, sarƙar ta miƙe, a canza ta tun ba ta cinye haƙoran gaba da na baya ba, don kuɗinsu ya ninka nata. Da damina kuma, wanda ya ratsa rafi ko taɓo ya tuna da boris na cikin ƙafafu da na feda. Ruwa na wanke giris ɗinsu. In ka riƙe taya ka girgiza ta gefe da gefe ka ji tana kaɗawa, lokacin kai wa mai gyara ya yi.

A nan akwai wani giɓi da ya kamata a faɗa. Kekunan da suka cika kasuwa yanzu na hannu ne, waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Asiya, masu giya da birkin waya. Dattawan masu gyara kuwa a kan Raleigh da Phoenix suka ƙware, masu birkin sanda da giya ɗaya. Ga shi kayan gyaran masu giya ba ko'ina ake samunsu ba. Shi ya sa da giya ta fara gardama, sai a cire ta a yanke sarƙa, keke mai giya 18 ya koma mai guda. Ban ga laifin mai gyara ba, abin da hannunsa ya sani ya yi. Sau da yawa kuwa matsalar ba ta wuce waya ta saki ko ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar ya lanƙwashe ba. Matashin da zai zauna ya koyi wannan aikin sosai, ko a gaban ƙwararre ko ta bidiyon wayar da ke hannunsa, ya samu sana'a a Kontagora.

[Kiɗa]

Yanzu mu koma ga masu hawa don lafiyar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Rabin awa a kan keke sau biyar a mako ya biya wannan. Keke kuma ba ya dukan gwiwa kamar gudu, don haka ya dace da mai ƙiba da wanda shekaru suka fara ja. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara jin ta bakin likitansa. Abu guda da kusan kowa ke kuskurewa shi ne sirdi. Muna sauke shi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa, sai gwiwa ta riƙa ciwo a ce keke ne. Ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sak, tsayin ya yi daidai.

Lokacin fita kuwa bayan sallar asuba ne, in gari ya fara haske, musamman a watannin Maris da Afrilu da rana ke ƙuna. A riƙe gorar ruwa, a sa kaya masu haske da hular kwano. Hanyar Tegina da ta Yawuri hanyoyi ne na tireloli da tankoki, direban babbar mota kuma ba lallai ya hango mai keke ba. Sannan kowa ya san halin tsaron da yankinmu ke ciki. Kada sha'awar nisa ta sa mutum ya nausa daji shi kaɗai. A fita cikin ayari, a faɗa wa na gida inda aka nufa, a tsaya inda jama'a suke.

Saboda waɗannan dalilai ne nake ganin atisayen cikin gida ya dace da mu, wataƙila ma fiye da Turawan da sanyi ke kora ɗaki. Su suna da na'urar da ake ɗaura wa keke a haɗa da intanet, mutum yana falonsa yana tsere da wani a wata ƙasa ta manhajar Zwift. Mu ba sai mun kai can ba. Duk mai walda zai iya haɗa ƙarfen da zai ɗaga ƙafar baya, da wani ɗan gangan ƙarfe da tayar za ta riƙa gurzawa don a ji nauyi. A kafa shi a zaure ko tsakar gida inda iska ke kaɗawa, don zufa ta fi yawa in ba a tafiya. A fara da minti goma a hankali, a yi minti ɗaya da ƙarfi, biyu a sassauta, a maimaita gwargwadon iko. A shimfiɗa tsumma a kan firam, gishirin zufa na cin ƙarfe. Iyayenmu mata da matan aure da ba sa son hawa keke a titi, wannan hanya ta buɗe musu ƙofa, ba tare da kowa ya sa musu ido ba.

Kada kuma a ɗauka tseren keke na Turawa ne kawai. Tun 1987 Burkina Faso ke shirya gasar Tour du Faso. A 2024 Biniam Girmay, ɗan ƙasar Eritiriya, ya ci zango uku a gasar Tour de France, ya kuma tafi gida da koriyar riga. A watan Satumban 2025 birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi gasar duniya ta tseren keke a kan titi, karo na farko a nahiyar Afirka. Mu kuwa a gasar Olamfik ta Paris a 2024, 'yar wasanmu Ese Ukpeseraye, wadda ita ce ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke a wannan gasa, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili. Alhali tun 2003 muna da filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja. Wannan labari ya yi mini ciwo, domin sakacin da muke yi wa keke a gida shi ne ya bi mu har gaban duniya.

Ƙarfi kuwa muna da shi. Saurayin da ke taka keke daga ƙauye da buhun dawa a baya, ya hau tudu ya gangara, ya iso kasuwa da hantsi ya koma da yamma, a ba shi keke marar nauyi da mai horarwa a ga abin mamaki. Ba wanda ya taɓa auna gudunsa, shi ya sa ba a san shi ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga watan Yunin kowace shekara a matsayin Ranar Keke ta Duniya, tun daga 2018. Muna kira ga ƙaramar hukumar Kontagora, da fadar Mai Martaba Sarkin Sudan, da shugabannin makarantu da 'yan kasuwarmu, su duba yiwuwar shirya tseren keke a cikin gari a wannan rana: jami'an kiyaye haɗurra su tsare hanya, a yi rukunin yara da na manya da na masu tsohon keke mai giya ɗaya, a kuma karrama masu gyaran da suka daɗe suna riƙe da sana'ar. Direbobi da 'yan acaɓa, don Allah a riƙa ba mai keke hanya, shi ma iyali ke jiransa. Kai kuma mai keke, kafin ka hau gobe da safe, ka matsa birki, ka danna taya, ka duba sarƙa.