Mene Ne LD50, Kuma Me Launukan Jikin Kwalbar Maganin Ƙwari Suke Nufi?

Duk wanda ya taɓa sayen maganin feshi a kasuwar Dutsin-Ma ko Kurfi ya ga wani layi mai launi a ƙasan takardar kwalbar: ja, ɗorawa, shuɗi ko kore. Launin nan yana da alaƙa da wata lamba da masana kimiyyar guba ke kira LD50, kuma a yau za mu duba yadda ake samo ta.

LD50 shi ne adadin sinadarin da idan aka bai wa dabbobin gwaji sau ɗaya, rabinsu za su mutu. Ana rubuta shi da miligiram a kan kowane kilo na nauyin dabbar, wato mg/kg. Wani masani ɗan Ingila, J. W. Trevan, shi ya fito da tsarin a 1927. Abin riƙewa shi ne, ƙanƙantar lambar ita ce girman haɗarin. Gishirin girki yana kusan 3,000 mg/kg a jikin ɓera, shi kuwa dichlorvos, sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya, yana kusan 56 ne kacal.

Yadda ake gwajin

A jami'o'in Najeriya irin su ABU Zariya da BUK Kano, ɗalibai masu bincike kan magungunan gargajiya sun fi amfani da hanyar Lorke ta 1983, saboda ba ta cin dabbobi da yawa. A matakin farko, ana raba ɓeraye 9 gida uku, a ba su 10, 100 da 1,000 mg/kg, a sa musu ido na awa 24. Idan babu wanda ya mutu, sai a ɗauko wasu ɗaiɗai a ba su 1,600, 2,900 da 5,000.

Lissafin kuwa kalkuletar wayarka ma za ta yi shi. A ce na 1,600 ya rayu, na 2,900 ya mutu. Ka ninka lambobin biyu da juna, ka danna alamar √, za ka samu kusan 2,154 mg/kg. Wannan shi ne ƙiyasin LD50 ɗin.

Tsohuwar hanyar tana hallaka dabbobi masu yawa, shi ya sa ƙungiyar OECD ta soke ta a 2002, ta koma ga hanyoyin da ake gwada dabbobi kaɗan-kaɗan, a bi lafiyarsu har kwana 14. Yanzu ma akwai manhajojin kwamfuta, irin su ProTox, da ke hasashen lambar daga tsarin sinadarin, kodayake hasashe ne kawai.

Daga lamba zuwa launi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba magungunan ƙwari bisa wannan lamba. Ƙasa da 50 mg/kg ta baki, rukuni ne mafi haɗari, launinsa ja. Daga 50 zuwa 2,000 ɗorawa ne, sama da haka shuɗi, sannan kore ga waɗanda da wuya su yi illa nan take idan an bi ƙa'ida. Dichlorvos ya ɗan haura 50, amma hukumar ta saka shi cikin masu haɗari sosai. Sinadari ne mai saurin bin iska, ana iya shaƙarsa.

Wannan sinadarin ne Tarayyar Turai ta samu ya wuce kima a waken Najeriya, har ta hana shigo da shi a 2015. A 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da shaguna.

Abin da lambar ba ta faɗa

Ɓera ba mutum ba ne, don haka ba a ɗaukar lambarsa a auna wa mutum. Haka nan LD50 mutuwar gaggawa kawai yake aunawa, bai san da gubar da ke taruwa a jiki a hankali ba. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 daga ƙurar dutsen zinare ta riƙa shiga jikinsu kullum. Saboda haka, in ka ga tallar magani a TikTok ana cewa an gwada shi a jami'a LD50 ɗinsa ya wuce 5,000, ma'anarsa bai kashe ɓera nan take ba, ba wai yana warkarwa ko ba ya taɓa ƙoda da hanta ba.

Kafin ka sayi maganin feshi, duba launin da lambar rajistar NAFDAC, sannan ka rubuta sunan sinadarin da LD50 a Google. Kada ka juye magani a gorar lemo, kada ka zuba Sniper a wake, akwai buhun PICS mai rufi uku da ke adana shi ba tare da magani ba. Ka kuma ɗauki hoton takardar kwalbar ka ajiye a waya, domin in tsautsayi ya faru, sunan sinadarin ne likita zai fara tambaya.