Sankarar hanta: Yadda likitoci ke yanke ƙari ko kashe shi a inda yake

Hanta ce gaɓa mafi girma a cikin cikin ɗan'adam, nauyinta a jikin baligi ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Ita ke tace jini, ta sarrafa abinci da magunguna, ta kuma haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Mutum ba ya rayuwa ba tare da ita ba. Shi ya sa idan ƙari ya fito a jikinta, abin da likita ke fara aunawa shi ne girman ƙarin da yawansa, da wurin da ya zauna, da kuma lafiyar ɓangaren hantar da zai rage bayan magani.

Sankarar da ake samu a hanta iri biyu ce. Akwai wadda ta samo asali daga hantar kanta, wadda a Najeriya babban sanadinta shi ne ciwon hanta nau'in B da ya daɗe a jiki. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da wannan ƙwayar cuta. Gubar afulatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna tana ƙara haɗarin. Iri na biyu kuma ita ce wadda ta yaɗo daga wata gaɓa, musamman babban hanji, domin jinin da ke barin hanji ta hanta yake fara bi.

Yanke ɓangaren da ya kamu

Tiyata ce hanyar da ta fi ba da damar warkewa. Wani likitan Faransa, Claude Couinaud, ya bayyana a shekarun 1950 cewa hanta ta kasu sassa 8, kowane da jijiyoyin jininsa da magudanar ɗacinsa. Wannan ilimi ne ya sa likita ke iya cire sashen da ƙari yake, ya bar sauran suna aiki. Hanta kuma tana sake tofowa: idan lafiyayya ce, ana iya cire kusan kashi 70 cikin 100, ragowar ta girma cikin makonni. Idan kuwa ta riga ta ƙandare saboda tsohon ciwo, ana buƙatar a bar aƙalla kashi 40.

Idan aka ga ragowar za ta yi kaɗan, likitoci kan toshe jijiyar da ke kai jini ga ɓangaren da ya kamu, sai ɗaya ɓangaren ya ƙara girma kafin ranar tiyata. Ga masu sankarar hanji da ta yaɗu zuwa hanta, sau da yawa ana haɗa tiyata da magungunan sankara da ake sakawa ta jijiya, waɗanda kan rage ƙari har ya yanku.

Dashen hanta

Inda ƙari ƙarami ne amma hantar ta lalace, dashe ne mafita, domin yana kawar da ƙarin da hantar da ta haife shi lokaci guda. Likita Thomas Starzl ne ya fara gwada dashen hanta a Amurka a 1963, aka kuma samu nasara a 1967. A 1996, likitocin birnin Milan na Italiya suka fitar da ma'aunin da har yau ake bi: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko kuma ƙari da ba su wuce 3 ba, kowane bai haura santimita 3 ba, kuma bai shiga jijiyoyin jini ko ya fita daga hanta ba. Dashe na da tsada ƙwarai, kuma wanda aka yi wa zai ci gaba da shan maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar hantar har ƙarshen rayuwarsa.

Kashe ƙari ba tare da buɗe ciki ba

Ba kowane majiyyaci ne jikinsa zai ɗauki tiyata ba. Ga irin waɗannan, likita kan soka siririyar allura ta fata yana kallon hoton sikanin, har ta isa tsakiyar ƙarin, sannan a sako zafi ta bakinta ya ƙone shi. Wannan hanya ta fi tasiri a ƙarin da bai wuce santimita 3 ba, kuma majiyyaci kan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Inda babu na'urar ƙonawa, ana iya ɗura tsantsar sinadarin etanol a cikin ƙaramin ƙari.

Wata hanyar ta dogara ne kan yadda jini ke shiga hanta. Lafiyayyar hanta tana samun kusan kashi uku cikin huɗu na jininta daga jijiyar da ke zuwa daga hanji, shi kuwa ƙari ya fi dogara da jijiyar da ke kawo jini daga zuciya. Sai likita ya zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta hannu har zuwa reshen da ke ciyar da ƙarin, ya zuba magani, ya toshe hanyar. Akwai kuma ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da sinadarin itiriyom-90 da ake turawa ta wannan hanya, su gasa ƙarin daga ciki. Waɗannan hanyoyi galibi suna rage ƙari ne da tsawaita rai, ko su riƙe shi kafin lokacin dashe.

Muhimmancin zuwa da wuri

Duk waɗannan hanyoyi sun fi aiki ne a kan ƙaramin ƙari, alhali ƙaramin ƙari ba ya ciwo. Kafin a ga rama, kumburin ciki, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko idanu su yi ɗorawa, sau da yawa cutar ta yi nisa, abin da ya rage sai magungunan rage gudunta da sauƙaƙa raɗaɗi.

Saboda haka masana ke ba da shawarar duk wanda hantarsa ta ƙandare, da mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B da likita ya ga yana cikin haɗari, ya riƙa yin sikanin ciki duk wata 6, tare da gwajin jini na AFP. Wanda aka yi wa tiyatar sankarar hanji shi ma kada ya yanke zuwa asibiti, domin a hanta cutar ta fi sake ɓullowa. Maganin tenofovir na danne ƙwayar cutar B, yana kuma rage haɗarin sankara, yayin da wasu haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba kan ƙara wa hanta lahani.

Tun 2004 allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ke cikin jadawalin rigakafin yara a Najeriya, kuma ana son a yi wa jariri ta farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa. Baligin da bai san matsayinsa ba, gwajin jini guda ɗaya ya isa ya nuna masa ko yana buƙatar rigakafi ko kulawar likita.