Hoton Waya: Yadda Za A Aika Wa Malamin Gona

A fadamun Haɗeja, daga Auyo har Kirikasamma da Guri, manomi in ya ga ganyen shinkafarsa ko na tattasai ya sāke kama, yakan ɗauki hotonsa da waya ya aika wa malamin gona. Dabara ce mai kyau, amma sau da yawa hoton kan isa dishi-dishi, malami ya kasa rarrabe ko ciwo ne, ko ƙwaro, ko rashin taki. In aka sayi maganin da ba shi ba, kuɗi sun tafi, gona kuwa ta lalace.

Ga dalili. Hoton waya ɗigo-ɗigo ne ƙanana, ana ce da su fiksel. Hoto mai megafiksel 12, watau ɗigonsa wajen miliyan 12 ke nan. Da yake wannan kaya ne mai nauyi, sai waya ta matse shi kafin ta ajiye.

Hanyar matsewa da aka fi sani ita ce JPEG, wadda aka tsara a 1992. Auduga in an danna ta a buhu, ran da aka zazzage takan koma yadda take. JPEG ba haka ba ne, gama yakan zubar da abin da ido bai cika lura da shi ba, abin da ya zubar kuwa ba ya dawowa. Akwai PNG, na 1996, wanda ba ya zubar da kome. Ya fi dacewa da rubutu da taswira, sai dai nauyi. Wayoyin iPhone kuma tun 2017 suna ajiyewa da HEIC, wanda tsohuwar kwamfuta kan ƙi buɗewa.

To, in an aika hoto ta WhatsApp yadda aka saba, sai a sake matse shi, ƙananan tabo da ƙwan ƙwari su ɓace. Maganin wannan, a zaɓi inda aka rubuta Document, watau takarda, a aika ta nan. Ya fi cin data, amma hoton zai isa cikakke, har da ranar da aka ɗauke shi. Wannan rana shaida ce in ruwa ya ci gona, kamar ambaliyar 2022, aka zo lissafin ɓarna.

Amma hoton da aka ɗauka ba kyau, ba hanyar aikawa da za ta gyara shi. Saboda haka a goge idon kyamara, a ɗauka da safe, rana tana bayan mai ɗauka. A matsa kusa da ƙafa, kada a jawo hoton da yatsa. A ɗauki saman ganye, da ƙarƙashinsa, sa'an nan shukar duka. Kada kuma a share na asali sai malami ya ba da amsa.