Jiki Magayi, Amma Ban da Mai Ciwon Suga

Da asuba, kafin a dama koko, akwai gidajen da aikin farko a cikinsu shi ne huda yatsa. A wanke hannu da sabulu a goge, a soki gefen ɗan yatsa da 'yar allura, a taɓa ɗigon jinin da bakin tsinken gwaji, kafin ka ƙirga goma lamba ta fito a fuskar na'ura. Wannan lambar ce ke yanke yadda ranar za ta fara: ko a yi allurar insulin a jira abin kari, ko kuwa a fara jefa ƙwayar sukari a baki tukuna.

Insulin sinadari ne da wata gaɓa mai suna fankiriyas, wadda ke kwance a bayan tumbi, take zubawa cikin jini. Shi ke buɗe wa sukarin da aka samu daga tuwo da shinkafa hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. In babu shi sai sukari ya taru a jini alhali jiki na fama da yunwa, daga nan sai yawan fitsari, ƙishirwar da ba ta yankewa, da rama kamar ana zuƙe mutum. A ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda ya fi bayyana a yara da matasa, garkuwar jiki ce ke juyowa ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin. Ba shan alewa ke kawo shi ba, ba kuma sakacin uwa ba ne, komai 'yan dubiya za su faɗa. Masu nau'i na biyu su ma, bayan shekaru ana shan ƙwaya, da yawansu kan koma allura.

Kafin 1921 yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya bai cika daɗewa ba. A waccan shekarar Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Jami'ar Toronto da ke Kanada, a watan Janairun 1922 kuma aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko. Ya ƙara shekara 13 a duniya.

Sai dai allura ba gaɓa ba ce. Gaɓar mai lafiya da kanta take auna sukari dare da rana, ta ƙara ta rage. Allura kuwa in ta shiga ta shiga. Ba ta san an makara da girki ba, ba ta san mai ita ya wuni a gona ko ya taka daga Sabon Gari har Kurmi ba. Lissafin da jiki ke yi a ɓoye ya dawo wuyan mutum.

Bahaushe ya ce jiki magayi, amma a wannan ciwo jiki kan yi shiru, kan kuma yi ƙarya. Mutum na iya yawo da suga sama da 250 yana ganin garau yake, yayin da ɓarna ke gudana a ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Wanda kuma suga ta saba faɗuwar masa kan daina jin gargaɗin gaba ɗaya. Shi ya sa ake awo. Ga yawancin manya, likitoci kan so a ga 80 zuwa 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 awa biyu bayansa. Wannan a ma'aunin mg/dL ke nan. Wasu na'urorin da mmol/L suke magana, inda 180 ke zama 10, domin ana rabawa da 18. A asibitocin Nijar kuma giram cikin lita aka saba, 180 ta zama 1,80. Wanda ya ari na'urar maƙwabci bai duba ma'auninta ba yana iya tayar da hankalin gida a banza, ko ya kwantar da shi inda bai kamata ba.

Hawan suga sannu yake cin mutum. Faɗuwarta ita ce mai gaggawa, ita ce kuma ba a cika yi wa iyali bayaninta ba. Da zarar lamba ta yi ƙasa da 70 sai karkarwa, zufa mai sanyi, yunwa kwatsam, bugun zuciya. In ta ƙara sauka sai magana ta rikice, mai haƙuri ya kama faɗa ba dalili, daga nan sai suma ko jijjiga. A nan ne ake asarar lokaci: wani ya ce iska ce, a nemo hayaƙi, wani ya ce farfaɗiya. Alhali maganin yana cikin kwanon shayi. Cokalin cin abinci ɗaya na sukari a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake awo; in ba ta hau ba a maimaita, in ta hau a bi da abinci. Wanda ya riga ya suma kuwa ba a ɗura masa komai, kada ya shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti a sa masa ruwan sukari ta jijiya.

Akwai kuskure na biyu da ke cin rayukan yara. Zazzaɓi ya zo, yaro ya ƙi abinci, uwa ta ga tunda bai ci ba bari a huta da allura. Rashin lafiya kuwa sau da yawa ɗaga suga take yi. Ba insulin, jiki ya koma ƙona kitse, jini ya yi tsami, sai amai da ciwon ciki da dogon numfashi, a yi ta ba da maganin maleriya har yaro ya fita hayyacinsa. Ranar ciwo ranar yawaita awo ce da neman likita, ba ranar ajiye sirinji ba.

To amma da me za a yi awon? Na'ura sau ɗaya ake saya, tsinke kuwa kowane gwaji da nasa. Mai nau'i na ɗaya ana so ya auna sau huɗu ko fiye a rana, magidanci kuma na kallon kuɗin insulin da na cefane, sai ya zamana ana gwaji ranar asibiti kawai. A ƙasashen masu hali an koma ɗan faifan da ake mannawa a damtse, irin FreeStyle Libre, wanda ke karanta suga kwana 14 ba huda yatsa. Mu a nan ba ma shi ake roƙo ba tukuna. A ganina duk shirin tallafin da ya raba insulin bai haɗa da tsinken gwaji ba, rabin aiki ya yi.

Ga kuma zafi. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba ya son ƙanƙara, ba ya son rana. Wanda aka fara amfani da shi kan yi kamar mako huɗu. Inda wuta ba ta tsayawa, tukunyar ƙasa na ceto: ƙarama cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a inuwa mai iska. Dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa domin adana tumatir da ganye ke nan, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. A dai sa kwalbar a mazubin da ruwa ba zai taɓa ta ba.

Batun azumi kuwa, a je wa likita tun Sha'aban. Huda yatsa ba ya karya azumi, kuma ƙa'idar da masana ciwon suga suka tsara ita ce a sha ruwa nan take in lamba ta yi ƙasa da 70 ko ta haura 300, ko da saura kaɗan a kira magariba.

In akwai mai allurar insulin a gidanku, ko a ajinku, ko a shagonku, ku tambaye shi yau inda yake ajiye na'urarsa da sukarinsa, ya kuma nuna muku yadda ake gwajin tun yana cikin hayyacinsa.