Tarin Yara Mai Ɓata Huhu

A Tottenham, wata unguwa ta arewacin Landan, akwai wani tsohon asibiti da ake kira St Ann's. An buɗe shi a 1892 domin masu cututtuka irin na zazzaɓi masu yaɗuwa. A zamanin nan ƙyanda da tarin shiƙa sun addabi yaran Landan ƙwarai. Yaro yakan tashi daga ciwon, amma wani sai ya saura da tari mai kaki har girmansa. Wannan tari shi ne alamar cutar da likitoci ke kira buronkiyektasis, watau buɗewar hanyoyin iska na huhu. Wani likitan Faransa, René Laennec, shi ya fara bayyana ta a 1819.

Ga yadda abin yake. Huhu kamar itace ne da aka kifa: maƙogwaro shi ne gindi, hanyoyin iska su ne rassa. A cikin rassan nan akwai waɗansu ƙananan gashi, ido ba ya ganinsu, aikinsu share kaki zuwa sama. Idan ciwo mai tsanani ya ɓata su, sai kaki ya kwanta kamar ruwa a kwatar da ta toshe. Ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, bangon hanyar ya kumbura, sa'an nan ya saki, ya yi faɗi. Hanyar da ta yi faɗi kuwa ba ta iya fid da kaki, sai wani ciwon ya sake kamawa. Haka abin ke ta zagayawa.

Akwai wata cutar gado, sistik faibirosis, wadda takan jawo wannan lahani. Ta fi yawa cikin Turawa, kuma tun 2007 ana gwada jinin jariran Ingila duka dominta. Amma fa rashinta bai nuna yaro ya tsira ba. Ciwon huhu mai tsanani, da ƙyanda, da tarin shiƙa, da tarin fuka, duk suna iya jawo shi. Haka kuma raunin garkuwar jiki, ko a haifi yaro gashin nan nasa ba su motsi sosai. Har ƙwayar gyaɗa, in ta shaƙe yaro ta maƙale a huhu aka daɗe ba a cire ba, takan ɓata wurin.

Allurar rigakafi ta rage cutar da yawa. An soma yi wa yaran Ingila ta tarin shiƙa ko'ina a 1957, ta ƙyanda kuma a 1968. Amma Landan ta fi sauran sassan ƙasar yawan yaran da ba a yi musu ba, kuma a 2024 mutum fiye da 14,000 suka kamu da tarin shiƙa a Ingila. Ashe ƙofar da aka rufe tana iya sake buɗewa.

To, yaya ake gane ta? Babbar alama ita ce tari mai kaki kullum har ya wuce mako 4. Sau da yawa akan ɗauka mura ce ko asma, a yi ta jira. Likita yakan fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako 2 zuwa 4. In tarin bai tafi ba, ko ya riƙa dawowa, sai a ɗauki hoton huhu na musamman mai nuna faɗin hanyoyin. Yaron Tottenham akan tura shi asibiti irin North Middlesex a Edmonton, in abin ya yi wuya kuma a kai shi wurin gwanayen huhu na Royal Brompton ko Great Ormond Street. Can ake koya wa iyaye dabarun fid da kaki kowace rana.

Babba in huhunsa ya ɓaci haka, da wuya ya koma daidai. Na yaro kuwa yana cikin girma, in an kama ciwon da wuri hanyoyin suna iya warkewa. Hausawa sun ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.