Injin Da Ke Daka Dutse Don A Sami Ruwa

Jama'a da yawa sun sha ganin motar haƙa rijiyar burtsatse tana aiki a unguwa, ƙura na tashi, ƙara kamar za ta tsaga kunne, amma kaɗan ne suka san abin da ke gudana a cikin ramin. To, a wurare masu dutse, injin nan daka yake yi, kamar yadda mace ke kirɓa tabarya a turmi.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Mutanen lardin Sicuwan na ƙasar Sin sun daɗe suna haƙa rijiyoyin gishiri da ita. Sukan ɗaura ƙarfe mai nauyi a igiyar gora, ƙarti su taka wani katako ya ɗaga ƙarfen, su sauka ya faɗa. Da wannan haƙuri ne rijiyar Shenhai da ke Zigong ta zarce mita 1,000 a shekarar 1835. Haka kuma Edwin Drake ya tono man fetur a Fensilbaniya ta Amurka a 1859, a zurfin kamar mita 21, sai dai shi injin tururi ne ya yi masa ɗagawar.

Wahalar wannan hanya ita ce jinkiri. Sai an zuba ruwa a ramin, garin dutsen ya zama kunu, a zaro ƙarfen, a zura wani dogon bututu mai murfi a gindi a kwaso taɓon, kana a koma daka. Yini guda ba a samun fiye da 'yan mitoci.

Wajen shekarun 1950 aka fito da guduma mai shiga cikin ramin da kanta. Iska ce da aka matsa ke tura ta, tana dukan bakin ƙarfen sau ɗaruruwa a minti guda, iskar kuma ta huro garin dutsen waje. Ita ce ƙurar da ake gani. Wannan guduma ita ta dace da ƙasashen Kano da Zariya da Kaduna, inda ba a yin nisa sai a tarad da fa. A ɓangaren Barno mai yashi kuwa ba ta da ranar kirki, domin ramin rufzawa yake yi; can injin murzawa da ruwan laka ya fi.

Sai dai fa mai karatu ya lura, guduma ba ta ƙago ruwa. A cikin fa, ruwa yana kwance ne a tsagogi da inda dutsen ya ruɓe. Ƙauyen da ya tara kuɗi ya kira masu haƙa ba tare da an auna ƙasa tukuna ba, yana iya ƙarewa da busasshen rami mai zurfin mita 60, alhali tsagin ruwan yana can 'yan taku kaɗan a gefe.