Gardin dare da salula a aljihu

A Azarori, da sauran garuruwan Madawa, Buza da Keita, gidan da zai tura ɗiya karatun aikin jinya a Tawa ko Damagaram, salula yake fara saya mata. Dole ce. Darasi ta WhatsApp yake zuwa, jadawalin sitaji ma haka, littafin da babu kuɗin sayensa kuwa hotonsa ake turawa shafi-shafi. Shi ya sa ba na tare da dattawan da ke cewa a ƙwace wayar kawai a huta.

Abin da ke damuna barci ne. Ɗiyar yayana ta yi sitaji a sashen yara cikin watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke cika gadaje a wannan yanki, har ƙungiyar MSF ta yi shekara da shekaru tana taimaka wa asibitin Madawa a kansu. Yarinyar da ba ta kai ashirin ba ta kwana tana neman jijiya a hannun jariri, wani lokaci ya cika a gabanta. Da safe ta sauka daga gardi, maimakon ta runtsa sai ta buɗe TikTok. Na tambaye ta dalili. Ta ce, “Baba, in na rufe ido fuskokinsu nake gani.”

Waya ba ta ɗauke wannan nauyi, jinkirta shi take yi, ta kuma ƙara nata. Ga ƙawaye da suka yi aure suna nuna lefe da ɗaki. Ga saƙon murya daga gida: gwaggo na ciwon ƙafa, wane magani za a saya? A ƙauye tun shekarar farko an riga an naɗa ta likita, ita kuwa kunya ta hana ta cewa ba ta sani ba.

A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi cewa matasan da ke wuce awa 3 a rana a kafofin sada zumunta, haɗarin damuwa da baƙin ciki yana ninkuwa a kansu. Kan yaran Amurka aka yi binciken, amma rashin barci bai san ƙasa ba, kuma mai auna allurar jariri da idanu masu nauyi abin tsoro ce.

A wurinmu da an ce ciwon ƙwaƙwalwa, Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, ake tunowa, don haka ɗaliba ta gwammace ta ce kanta ke ciwo. Ina roƙon manjojin asibiti da malaman makarantun lafiya: ranar da yaro ya rasu a hannun ƴar sitaji, a zaunar da ita minti goma kafin ta tafi, a tambaye ta yadda take. A kuma daina turo sanarwar jarrabawa ƙarfe ɗaya na dare.